Yarinyar da ta ce ya tashi sama

Da kaka ne, shekarun da ba a yi babban farin nan ba tukuna, ɗan yayata ya ɓata a Madarunfa. Bai fi shekara uku ba. Ni lokacin budurwa ce, ina zaune gidan yayar tawa ina taya ta aiki, kuma a bayana yaron ya yi wayo. Da hantsi muna sussukar gero yana wasa a tsakar gida. Da rana ta take muka neme shi ya ci fura, babu shi babu labarinsa.

A garinmu in yaro ya ɓata, ido tabki yake komawa. Masunta suka shiga da jirage da gora suna lalube, mu mata muna bakin ruwa muna kiran sunansa har muryoyinmu suka dushe. Ba a samu ko takalminsa ba.

Mutum ɗaya ce ta gan shi a ƙarshe, 'yar maƙwabtanmu, wata 'yar firit mai shekara huɗu da suke wasan ƙasa tare. Duk wanda ya tambaye ta, maganarta ɗaya: "Ya tashi sama. Yana tafiya bisa darni, yana dariya." Uwarta ta ɗauke ta da mari, wai ana cikin tashin hankali tana shirme. Tsofaffi kuwa suka kama kai, suka ce shi ke nan, mutanen ruwa ne suka ɗauke shi. Kafin gari ya waye wasu har sun fara shigowa da fuskar gaisuwa, suna "sai haƙuri". Haƙurin me? Kun ga gawa? Wallahi na tsani kowa a ranar, kuma ban ɓoye ba, wata ma sai da na ce ta kwashe tabarmarta ta ba mu wuri.

Washegari jandarma, ɗan sandan gwamnati, ya zo. Sabon zuwa ne daga yamma, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin kasuwa ba, don haka ya biya lakwal, makarantar boko, ya taho da malamin yara ya yi masa tafinta. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk malamin lakwal. Kirista ne daga Maraɗi, dogo, marar hayaniya. Mu 'yan mata tsiya muke masa a bayan ido saboda wandonsa da kullum yake shan guga kamar mai zuwa biki.

To wannan wandon ne ya zauna da shi daɓas a ƙasa, cikin ƙaiƙayin gero, gaban yarinyar. Ya roƙi jama'a su ja baya. Bai tambaye ta komai ba da farko. Ya ɗebi gyaɗa a kwaryarmu yana ɓarewa, ya ce ta taya shi, wai shi bai iya ba. Ta harare shi da kumburarren ido, sannan ta karɓa ta nuna masa yadda ake yi.

Can ya ce, "'Yar Baba, jiya ina abokinki ya tafi?"

Ta maimaita maganarta, tana kare kumatu da hannu. Ya juya ya faɗa wa jandarma da Faransanci. Jandarma ya ɗaga gira. Sai wani dattijo cikin dangin mijin yayata ya matso ya ce, "Mushe, ka yi masa bayani yadda zai gane. Ka ce masa iskoki ne."

Mushe ya ce, "Baba, yarinya ba ta ce iskoki ba. In kana da taka shaidar, bismillah, zan juya masa ita daban, in ce taka ce."

Kai, na ji daɗin maganar nan har cikin raina. Kwana guda ana jan zancen yarinyar, wannan ya ce ƙarya ce, wancan ya ce aljanu ne, ba wanda ya bar shi yadda ta faɗe shi sai wannan baƙon.

Ya ce ta nuna masa inda take zaune jiya. Ta ja shi da yatsa zuwa gindin darninmu na kudu, sabon darni na karan dawa da aka kafa a kakar, ya fi tsayin namiji. Ta zauna. Shi kuma ya kishingiɗa a gefenta har kansa ya yi daidai da nata, ya dubi inda take duba. Ya sa mijin yayata ya fita ya bi hanyar da ke bayan darnin. Mutumin ya wuce, ya dawo. Mushe ya ce daga nan ƙasa ko hularsa ba a gani.

Ya ce, "'Yar Baba, da yake tafiya a sama, yaya yake yi? Ni ban gani ba, gwada mini."

Yarinyar ta miƙe zaune, ta buɗe ƙafafu, ta riƙe wani abu a gabanta da hannu biyu, ta shiga rangaji, gaba, baya, gaba, baya, kanta na lilo. Sai wata tsohuwa, cikin masu cewa iskoki ɗin ma, ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Raƙumi!"

Nan kowa ya tuna. Jiya da hantsi Buzaye masu kawo gishiri su karɓi gero sun ɗaura kaya sun bar gari. Duk shekara suna zuwa, mun saba da su har ba ma ganinsu. Mushe bai yi murna ba tukuna. Ya tambaye ta ta ina ya ɓullo, ta ina ya ɓace. Ta nuna da hannu, ya juya wa jandarma, kudu ne, hanyar Ɗan Isa. Jandarma ya sa hularsa ya ce a hau mota.

Ni aka ɗauka don yaron ya fi sanina. Mun cim ma Buzayen sun sauke a wata fadama. Da babbansu ya ji abin da ya kawo mu, sai ya yi salati. Ya ce yaron ya biyo su yana kuka sai ya hau, shi kuwa ya ɗora shi bisa buhunan gero har bakin gari, ya sauke shi wurin wasu yara ya ce su mai da shi gida. Ashe yaran sun koma wasansu, ɗan nawa kuma ya bi sawun raƙuma. Mutumin ya bar kayansa, mu ma muka bar mota, ya biyo mu a ƙasa, muna tsayawa kowace tunga muna tambaya.

A wata 'yar tunga mai gida huɗu ko biyar muka same shi. Wata mata da ta fita itace ta tsince shi yana barci gindin kalgo, ta tambaye shi garinsu ya ce "gida". Ta goya shi, ta aika mijinta cigiya ƙauyukan kusa. Na tarar da shi zaune da rigar ɗanta, ƙafafunsa duk ƙaya, bakinsa dumu-dumu da wake. Ya gan ni ya ce, "Inna ƙarama, na hau raƙumi." Na rasa in dake shi ko in haɗiye shi, sai kuka.

Da muka iso gida mata suka ɗauki guɗa. Mushe bai ko shiga ba, ya kakkaɓe wandonsa ya ce ya bar yara ba kowa a aji. Ya tsaya dai ƙofar maƙwabtanmu ya ce wa uwar yarinyar, a hankali, 'yarta gaskiya ta faɗa tun farko.

Yayata tana bakin murhu. Ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban surukai. Ba ta taso ba, ba ta dube shi ba. Ta ɗebi ruwa a randa ta miƙo mini ta ce, "Ungo, ba yaron nan." Kafin kwaryar ta iso hannuna rabin ruwan ya zube a ƙasa.