Matar da Ke Zaune a Ƙofar Ɗakin Katako

A Makka aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na aurar, kuma abubuwa da yawa sun wuce na manta da su. Amma abin da na ji a makon da muka kwance ɗakin taron ƙungiyarmu, wannan kam da shi za a binne ni.

Ƙungiyar ta matan Najeriya ce mazauna Makka. Iyayenmu suka kafa ta don kada 'ya'yansu su manta da gida. Ana koya wa yara Hausa, ana taimakon alhazai mata da suka ɓace wa masaukinsu, in kuma an ji ambaliya ta ci wani gari a tara tufafi a aika. Ɗakin taron yana can saman dutse a Nakkasa, kuma babu irinsa a unguwar. Gumaguman itace ne aka jera a kwance, wani kan wani, har rufi, shi ya sa kowa ke kiransa Ɗakin Katako. Tun ina ƙarama abin da na sani shi ne kakata ce ta gina shi. Ita ce shugaba ta farko, hotonta na rataye a ciki, ni kuma ina tafiya da wannan alfaharin kamar sabon mayafi.

Da rusau ya iso ɓangarenmu, ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suka shafa jan fenti a bangaye, sai muka yanke shawarar yin taron ƙarshe, sannan a kwance itatuwan a kai su rufin gidan shugabarmu a unguwar Shisha. Ni ce sakatariya a lokacin, don haka aka ce in rubuta tarihin ɗakin in karanta. Na cika shafi uku, babu shafin da kakata ba ta fito ba.

Akwai wata tsohuwa da ke zama a gefen ƙofar, tana sayar da kunun tsamiya da soyayyar gyaɗa. Iya muke ce mata. Ita ke share harabar ba tare da kowa ya sa ta ba, kuma ban taɓa ganin ta shiga ciki ba. Abin kunya, ban taɓa tambayar dalili ba.

Ana saura kwana uku taro na hau dutsen da wani kafinta ɗan Yaman don ya duba aikin. Ya zagaya ɗakin, ya dafa gungumen da ke saman ƙofa, ya ce da Larabci daga nan zai fara.

Iya ta ajiye ludayi. Ta ce, "Ɗiyata, ki ce mishi kada ya taɓa wancan. In ya zare shi, rufin a kansa zai sauka. Ya fara ta kusurwar gabas, akwai turke ɓoye a gungume na uku daga sama."

Na fassara masa ina ɗan murmushi, irin na a yi haƙuri da tsofaffi. Ya hau tsani ya ƙwanƙwasa, ya kankare ƙura da wuƙa. Ga turken nan, daidai inda ta ce. Ya sauko ya dube ta da kyau, ya tambayi wane mu'allim ne, wato gwanin kafinta, ya yi wannan aikin.

Ta ce, "Ni ce."

Na ce, "Iya, ai kakata ce ta gina ɗakin nan."

"Kakarki ta yi magana, Allah ya jiƙanta, ta iya magana. Ni na yi ɗauka, ni na yi sassaƙa."

Kafintan ya tafi, ni kuma na zauna a kan dakalin da ban taɓa zama ba. Ta ba ni labarin tana zuba wa masu wucewa kunu, muryarta ko rawa ba ta yi. Mota ɗaya ta ɗauko su da kakata daga gida. Ƙauyukansu tafiyar rabin yini ne, sai dai iyaka ta ratsa tsakani, nata ya faɗa Nijar. Mijinta masassaƙi ne, ta koyi aikin a hannunsa kafin ya rasu a nan. Lokacin da ake rushe tsofaffin gidaje kusa da Harami ana zubar da itatuwan rufi, ita ta riƙa ɗauko su a ka, ɗaya bayan ɗaya, tana hawa dutsen nan, don mata su sami inda za su zauna ba a rana ba. Fiye da shekara ta yi tana yi.

Na ce, "To me ya hana ki shiga?"

"Wasu manyan baƙi za su zo daga gida, aka ce a rubuta dokoki a nuna musu. Doka ta farko, 'yar Najeriya kaɗai. Aka ɗaga hannuwa, aka gama."

"Wa ya kawo dokar?"

Ta dube ni, ta miƙo mini ƙullin gyaɗa. Ban sake tambaya ba.

Ban san yadda na sauko daga dutsen ba. Na shiga tasi har gida a Shisha. Na tarar da mahaifiyata tana yanka kuɓewa, na tsaya a kanta ko mayafi ban cire ba, na ce, "Umma, gaskiya ne kakata ce ta kawo dokar da ta fitar da Iya daga Ɗakin Katako?" Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta ce gaskiya ne. Tana budurwa lokacin, da idonta ta ga matar ta kwashi takalmanta ta fita. Sannan ta ce, "Amma kakarki tana kabari. Kada ki tone ta a gaban mutane."

Kwana biyu ina juya maganar. Ina son kakata, ita ta koya mini karatun Hausa, ita ta yi jinyar mata da yawa a garin nan ba wanda ya sani. Amma duk lokacin da na ɗauki shafukan nan uku sai in ji kamar kayan sata na riƙe.

Ranar taro ɗakin ya cika har ƙofa. Na miƙe, na faɗi abin da kakata ta yi na alheri ban rage komai ba, sannan na faɗi wadda ta ɗauko itatuwan da muke jingine da su, da dokar da ta fitar da ita. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. Matasan cikinmu, waɗanda Larabci ya fi Hausa a bakinsu, suna ta tambayar juna ko daidai suka ji.

Can sai wata dattijuwa ta dafa sanda ta miƙe. Ta ce, "Hannuna yana cikin waɗanda aka ɗaga." Ta fita, muna jin tana magana da Iya ƙasa-ƙasa a waje. Sun daɗe. Da farko Iya ta ƙi, ta ce ta saba da wurinta, daga nan ma tana jin Hausa, tana kuma lura ko gara ta shiga aikinta. Daga baya ta shigo, aka buɗa mata hanya. Ba ta dubi kowa ba, sama take kallo. Ta nuna wani gungume can kusa da rufi ta ce, "Wancan na aza shi a karkace. Shekarun nan duka ina jin kunya ko kun gani."

Babu wadda ta taɓa gani. Wasu suka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Washegari ita ta zauna a kujera tana nuna wa kafinta na cirewa da na bari, har aka kwance ɗakin ba wanda ya tsage. Ba ta cika shekara biyu bayan haka ba ta rasu.

Abin da na koya shi ne son ƙasa ba ya buƙatar a rufe wa maƙwabci ƙofa, kuma in aka rufe, to ba ƙasar aka yi wa ba. Na kuma koyi cewa tarihin da na gada daga bakin waɗanda nake so ma sai na bincika. Yanzu duk gidan da na shiga, kafin in gaida masu kujera, nakan tsaya in tambayi wanda ke zaune a waje tun yaushe yake nan.