Malam Ketel da Tagar da Ba Ta Buɗuwa

Yara da yawa, har da manya, suna ɗauka a Jamusanci kalmarmu ta zinariya, Gold, da kalmarmu ta kuɗi, Geld, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ni ma haka na ɗauka ina yarinya. Ba su haɗa komai ba. 'Yar'uwar Gold ita ce gelb, wato rawaya. Wanda ya koya mini wannan, Malam Ketel Brodersen, ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, a gidan jinyar tsofaffi da ke ƙetare.

Malam, kai ne malamin tsibirin nan kafin ni, a wannan aji ɗaya tilo da muke da shi. Idan teku ya hau ya shanye filayen kiwo, ya bar kowane gida tsaye a kan tudunsa, mu da ruwa ya tsare a makaranta ba mu taɓa jin tsoro ba. Sai ka fasa ƙwai a faranti ka nuna mana gwaiduwa. Ka ce makwabtanmu na Danmak suna cewa guld ga zinariya, gul ga rawaya; na Holan kuma goud da geel. Kakannin kakanninmu, in ji ka, ba daraja suka duba ba da suka raɗa sunan. Abin da ido ya gani suka faɗa: abu mai rawaya, mai sheƙi.

Ranar da Tade makiyayi ya yanka tunkiya, ka kwashe mu muka je, ka ɗaga maɗaciyarta sama ka ce sunanta, Galle, shi ma daga wannan gida ya fito.

Tade ya goge hannu ya ce, "To shi ke nan, Malam. Matata Keike ta huta da yi mini ƙorafin zoben zinariya, wannan zan ɗaura mata."

Ka ce, "Ɗaura mata, mu kuma mu shimfiɗa maka tabarma a aji, don korar ka za ta yi."

Bara da kaka ɓarin jikinka ya shanye, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ka. Da ka farfaɗo, Jamusancin da ka koyar duk rayuwarka ya tafi. Harshen tsibiri kaɗai ya rage a bakinka, wanda ka sha a nono. Masu jinyarka mutanen kirki ne, amma babu mai jin sa a cikinsu. Ka yi magana su yi murmushi su gyara maka bargo.

Da na je duba ka, ka daɗe kana kallona kafin ka ce, "Göntje, ke ce? Har yanzu kina ba da amsa kafin a gama tambaya?"

Na ce na daina.

"Ƙarya kike." Sai ka nuna taga da hannun da ke motsi. "Ba ta buɗuwa. Ko iska sai da izini take shigowa."

Don in ɗauke maka hankali na ce ai ga bangon ɗakin rawaya ne, launinka. Ka ce, "Wannan? Ba ya sheƙi. Kakanni ba za su ɓata suna a kansa ba." Ka kama hannun rigata ka ce, "Ku mai da ni gida, 'yata."

Abin da ka roƙa ke nan, ba ka roƙi wani ba. Likita ya ƙi da farko, don idan ruwa ya rufe hanya babu mai kai maka ɗauki. 'Yarka Sieke ta yi ta zirga-zirga har aka amince bayan sabuwar shekara. Tade ya sauko da gadonka ƙasa, daura da tagar da ke kallon teku. Keike ta hura murhu. Sai guguwa ta taso, layin dogon da ɗan amalankenmu ke bi zuwa ƙetare ya nutse, jirgin ruwa ma bai fita ba. Muna nan muna kallon ruwa, kana can kana kallon bango. Ruwa bai janye ba sai bayan ka cika. A kan amalanken aka kawo ka, muka binne ka a tudun coci.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe kurakuranka, ya saukar da kai inda babu ƙofa a kulle. Sieke, ke da yaranki, Allah ya ba ku haƙuri. Kin yi iyakar ƙoƙarinki, duk tsibirin nan shaida ne.

Ku kuma yarana, ga abin da nake so ku gwada. A gidan jinyar nan akwai Kaka Marret, 'yar tsibirin da ke arewa da mu, ita ma babu mai jin harshenta. Ranar Asabar, idan ruwa ya bari, zan je, kuma akwai wuri a amalanke. Kowa ya riƙo abu guda daga gida, ko cokali ne. Ku ɗora mata a hannu, ku tambaye ta sunansa a bakin kakarta. Daga nan ku yi shiru, ku bar ta ta gama.