Ranar da Haripada Ya Rufe Bakinsa

Shekara talatin da ɗaya Haripada Maiti ya yi a wasan jatra, wasan kwaikwayo na gargajiya da ake yawo da shi gari-gari, bai taɓa fitowa a sarki ba, bai taɓa riƙe takobi ba. Shi ne Bibek, muryar zuciya. Daidai lokacin da sarki zai yanke hukuncin zalunci, ko ɗa zai kori uwarsa, sai a ji waƙa ta taso daga can bayan taro. Haripada ke nan, ba takalmi, baƙar riga ɗaya tal a jikinsa, yana ratsowa ta siririyar hanyar da ke tsakanin 'yan kallo har ya hau dandamali. Ba ruwansa da lasifika. A ƙauyukan Medinipur mutum dubu uku kan zauna a kan bambaron shinkafa, na ƙarshensu ma yana jin kowace kalma.

Iyakar abin da ya iya ke nan a duniya. Noma bai karɓe shi ba, ciniki kuwa ko tsinke bai iya sayarwa ba. Ba ya shan ruwan sanyi, kullum da safe sai ya tauna ɗanyar citta da gishiri, wuyansa naɗe da mayafi ko ana zafin fitar rai. Matarsa Malati takan ce ita maƙogwaro ta aura mai ƙafa biyu. Ranar da ta haifi 'yarsu yana wani gari yana yi wa sarkin ƙarya nasiha, kuma har yau ba ta gama yafe masa ba.

Da mai ƙungiyar wasansu ya rasu, ɗansa Subol ya gaje shi. Subol irin mutanen nan ne da idan miya ta yi daɗi sai su ƙara mata gishiri don ta ƙara daɗi. Ya kawo injin hayaƙi har biyu, da fitilu masu juyawa kamar za su ƙwaƙule wa mutum ido, da ƙaton allo a baya inda ruwa ke zuba ba dalili. A wurin da uwa ke mutuwa, inda da sarewa ɗaya ake busawa, ya zuba 'yan rawa goma sha biyu da riguna masu ƙyalli suna kewaye gawar. Baiwar Allah ba ta samu ko mutuwa cikin natsuwa ba.

Wata rana ya ɗauki Haripada zuwa Kolkata aka naɗi waƙoƙinsa, wai don tarihi. Haripada ya ji daɗi har ya sayo wa Malati alawar madara. Sai a wurin gwajin wasa ya ji muryarsa tana fitowa daga akwatunan lasifika takwas, an lafta mata ganguna da amsa-kuwwa, kowace kalma tana maimaita kanta sau uku kamar mai ciwon mantuwa.

"Hari-kaka, ka huta haka nan," in ji Subol. "Kai dai motsa baki kawai. Kuma tafiyar ƙasan nan ta isa, daga sama za ka sauko. Na sa an yi maka fukafukai."

"Fukafukai? Ni jemage ne? Kai Subol, zuciyar mutum daga sama take faɗo masa? Daga cikin jama'a nake fitowa, don abin da ke ransu nake faɗa."

"Jama'ar yanzu kowa da waya a hannu, kaka. In ba ka girgiza su ba, ko ɗago kai ba za su yi ba."

"Ubanka bai taɓa girgiza kowa ba, kuma ba a taɓa tashi an bar shi ba."

"Allah Ya ji ƙansa. Zo a gwada maka ɗamarar da za a rataye ka da ita."

Abin ya ci wa Haripada rai ƙwarai. Amma ya yi shawara shi kaɗai. Ya san mutanensa, ya san kunnensu. Zai bar akwati ya yi waƙar, shi kuwa ba zai buɗe baki ba. Mutum ɗaya ya isa ya miƙe ya ce ƙarya ake yi mana, sauran su ɗauka, Subol ya sha kunya a gaban gari guda.

Aka buɗe wasan a bikin bayan girbi. Da lokacinsa ya zo, aka zuro shi da igiyar ƙarfe, fukafukan azurfa na sukar haƙarƙarinsa, hayaƙi na shigar masa hanci, 'yan rawa na tsalle a ƙarƙashinsa. Muryarsa ta ɓarke daga akwatuna. Ya datse leɓɓansa gam, ya juyar da fuskarsa ga fitila mafi haske don kowa ya gani. Minti bakwai yana lilo yana jiran mutum ɗayan nan. Da waƙar ta ƙare sai fili ya kaure da tafi da fito, har wasu na ihun a maimaita.

A bayan labule ya iske Malati da tulun ruwan ɗumi. A layi na uku ta zauna, kusa sosai har tana iya ƙirga furfurarsa.

"Ke, kin ga abin da na yi?" ya tambaye ta.

"Na gani mana. Gabana sai faɗuwa yake kada igiyar ta tsinke. Amma ka ji, muryarka yau ta fita fiye da kullum."

Bai gaya mata ba. Saura garuruwa arba'in da shida kafin damina ta tsai da wasa, kuma a kowannensu an rataye shi da bakinsa a rufe.