Gammon Inna

Duk wanda ya zo duba Inna, hannunta yake kamawa. Ya juya shi, ya matsa yatsun, ya faɗi abin da ya sani. Dukansu kuwa sun yi kuskure. Hannun ba shi da laifi. Ciwon a wuya yake, wuyan da ba wanda ya taɓa kallo sai in za a aza masa kaya.

Inna bandar kifi take saye a bakin kogin Kwara wurin matan masunta, ta kai kasuwar Lolo a ka. Tun ina ƙarama haka na san ta: gammo, kwando a bisa, in za ta dawo kuma a ɗora mata garin rogo ko jarkar manja ta 'yan ƙetaren iyaka. Ko riƙewa ba ta yi. Tana tafe tana gaisawa da mutane, hannu biyu a sake. Mata har yabonta suke, wai wuyanta kamar turmi.

A hankali abin ya shigo. Ludayi ya suɓuce mata cikin miya. Allura ta gagare ta. Ta ce yatsunta kamar an sa musu safa, tana taɓa abu ba ta jin sa sosai. Daga baya ni ke ɗaura mata kallabi, ni ke ƙulle mata bakin zani.

Gwaggo, yayar marigayi babanmu, ita ta fara yanke hukunci: sanyin ruwa ne, yawan taɓa kifi. Aka yi ta gasa hannun a bakin murhu ana shafa man kaɗanya. Maƙwabciyarmu ta ce sammu ne, wata a kasuwa ta ba ta abu ta karɓa da hannun dama. Na tambaye ta to na hagun fa, wa ya ba shi? Aka ce ba ni da kunya. Aka kira wanzami ya yi mata tsaga a bayan hannu, ya sa ƙaho. Jini ya fita, ciwo bai fita ba. Wani ya kawo man zafi daga ƙetare, mai rubutun Faransanci, aka miƙo min in karanta tunda na yi sakandare. Na ce ban iya ba. Aka shafa duk da haka.

Ranar da ta yi tuntuɓe a tsakar gida, inda ko tsakuwa babu, na ce ya isa. Na tsaya wa Kawu, ƙanenta, a ƙofar shago kullum har ya gaji da ganina, ya sa mu a mota zuwa babban asibiti a birni.

Likitan bai daɗe a kan hannun ba. Ya ce ta dunƙule ta buɗe da sauri, ta kasa. Ya ɗan ɗalli farcen yatsarta ta tsakiya, sai babban yatsa ya motsa da kansa. Ya ce ta taka a kan layi ɗaya, ƙafa gaban ƙafa, ta yi tangal-tangal na riƙe ta. Sannan ya tura mu hoton wuya. Inna ta yi ta gunaguni a hanya, wai ta kawo hannu an bar shi ana neman wuya.

Da hoton ya fito ya nuna min. Ƙasusuwan wuyan sun goge, sun matse laka, wato jijiyar da ke saukowa daga kai ta cikin ƙashin baya, wadda hannu da ƙafa ke karɓar umarni daga gare ta. Wata ƙaramar likita ta zauna da mu tana tambayar Inna tun yaushe take ɗaukar kaya, da nauyinsa, da nisan tafiyar, ta ce suna bincike ne a kan mata masu dako a ka. Inna ta ce tun kafin ta yi hankali. Aka ba ta abin ɗaure wuya, aka sa mana ranar dawowa don maganar tiyata. Likitan ya faɗa a fili, ya kuma maimaita: kada ta sake aza komai a ka. Faɗuwa ɗaya da kaya tana iya kwantar da ita, ba hannu ba ƙafa.

Na ɗauka shi ke nan, an gano. Ashe yanzu aikin ya fara. Gwaggo ta ce ba a yanka wuyan mutum yana raye. Maƙwabciya ta ci gaba da kawo turare. Inna ta sa abin wuyan kwana kaɗan ta ce yana shaƙe ta, kuma ita ba akuya ba ce. Ni ce mai faɗa da safe, ni ce mai faɗa da yamma, har na fara jin haushin muryata.

Wata ranar kasuwa na dawo daga ɗibar ruwa ban same ta ba. Abin wuyan yana rataye a ƙusa, gammo ba ya inda yake. Na bi hanyar bakin ruwa. Can na tarar da ita zaune a gefen hanya, kwando a kife, kifi a cikin yashi, wasu mata biyu suna tsincewa. Ta ce ƙafafunta ne suka ɗauke na ɗan lokaci, kamar an kashe wuta, amma sun dawo.

Ban yi faɗa ba. Ba ni da sauran ƙarfinsa. Na zauna kusa da ita.

"Inna, kin ji abin da likita ya ce."

"Na ji. To mi zan zama in na aje? In zauna ɗaka kina ɗaura min zani kamar jinjira?"

"Gara in ɗaura miki zani da in riƙa juya ki a kan tabarma."

Ta kalli yatsunta. Sannan ta ce kifin ba zai kai kansa kasuwa ba, kuma in na ce zan ɗauka, wuyana ma ba ƙarfe ba ne.

A nan ta yi gaskiya. Na ɗauki gammon na duba shi, tsohon zani ne da aka naɗe, ya yi baƙi, yana warin hayaƙi. Na cusa shi a hammata, ban mayar mata ba.

Kawu yana da baro a bayan shagonsa, tayar ta sace. A garinmu mace ba ta tura baro, na san abin da Gwaggo za ta ce, na san abin da 'yan acaba za su ce in na wuce. Su faɗa. Gobe zan kai tayar wurin mai faci. Ran kasuwa ni zan turo kifin, Inna ta biyo ni da abin wuyanta a ɗaure, ta zauna ta yi ciniki, tunda bakinta lafiya lau. Ranar da likita ya sa mana kuma, ko Gwaggo ta yarda ko ba ta yarda ba, zan sa Inna a mota.