Kwana Biyar da Allurar Kaka

Duk lokacin da dutsen guga na gawayi ya hau danshin sabon yadi, wannan ƙaurin ya bugi hancina, sai gabana ya faɗi. Na girma, na haifi 'ya'ya, amma har yau abin bai sake ni ba. Bari in gaya maka dalili.

Ina da shekara goma sha uku aka ɗauke ni makarantar kwana ta 'yan mata a Madani. Takardar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, ba ta iso ƙauyenmu na bayan Haj Abdalla ba sai ranar Litinin. Abu biyu ta ce: a zo ran Asabar, kuma a zo cikin kayan makaranta, farar riga da shuɗin siket mai ninki-ninki. Wadda ba ta zo ba, a ba wata gurbinta. Damina ce, hanya duk laka, lori ɗaya ke shigowa garinmu a mako, shi ma ran Asabar da safe.

Riga ba ta zama matsala ba, 'yar maƙwabta ta ba ni tata. Inna ta taka har kasuwa ta sayo yadin siket. To wa zai ɗinka? Telan garin mai keke ya rufe shago ya tafi noma Abu Na'ama. Babana ma yana can, don haka gidan na hannun Baffa, yayansa, wanda tun farko bai ga amfanin tafiyata ba alhali ciyawa na cin hawasharmu, gonar da muke nomawa a bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma. Bai hana ba. Cewa kawai ya yi, "In kaya sun ɗinku, ta tafi. In ba su ɗinku ba, ga fartanya nan."

Sai Kaka, uwar babana, ta ce a miƙo mata yadin. Ta shafa shi, ta auna ƙuguna da taƙi, ta ce ninki ashirin da huɗu zai ci, kowanne faɗin yatsa biyu. Na ce kwana nawa? Ta ce, "Ɗinkin hannu na kirki, kwana takwas." Wallahi ji na yi kamar an zuba mini ruwan sanyi. Kuma idonta ya fara yana, ba ta ɗinki sai daga hantsi zuwa la'asar, zare ma ni ke zura mata a allura.

Ka san me ta yi ran Talata? Jiƙa yadin ta yi! Ruwan tur'a ya yi ja da laka, sai da ta jira na randa ya kwanta, sannan ta tsoma shi ta shanya. Ga hadari ya rufe rana. Na yi ta zagaya igiyar ina taɓawa ina ƙunƙuni. Ta ce, "Ke uwar gaggawa, yadin da bai sha ruwa ba ƙarya yake yi. Wankin farko zai tsuke ya bar ki da gwiwa a waje." Yini guda ya tafi ba a soka allura ko sau ɗaya ba.

Laraba ta yanka, ta kama aiki. Ta ninke, ta danne da farce, ta bi da ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero, Inna ta bi da guga. Kafin la'asar an yi shida. Na lissafa a raina, na sake lissafawa, lissafin ya ƙi fita. Baffa ya wuce da yamma, ya dubi tabarmar, ya ce, "Sannunku da aiki," da wata irin murya da na tsana.

Ran Alhamis da rana aka yi rasuwa a unguwar gabas, Kaka ta ajiye allura ta tafi gaisuwa. Ni kuwa shaiɗan ya hau kaina. Na ce ai na ga yadda ake yi. Na zauna na zuba ninki biyar cikin sauri, ina jin kaina gwana. Da ta dawo ba ta ma kai shi kusa da ido ba, yatsa ta bi da shi, sai ta tsaya.

"Mi kika yi nan?"

Ashe nata duk hagu suke kwanciya, nawa dama, kuma na cinye yadi fiye da ƙima. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Reza ta ɗauka ta shiga farkewa a hankali don kada ta huda yadin, har hasken ranar ya ƙare a kan gyaran ɓarnata. Na shiga bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah.

Juma'a aka wayi gari da ruwa. Ta jawo tabarma bakin ƙofa inda ɗan haske yake, feshi na taɓa ƙafarta, ta ƙi ko shan shayi. Idonta na zubar da ruwa, ta share da gefen mayafi ta ci gaba. Da magariba ninki sun cika, an ɗaura ƙugu, amma bakin siket na ƙasa bai samu kalmasa ba, zare na ta zarewa.

Da asuba lori ya yi ham. Baffa ya ce, "Ai bai ƙare ba." Kaka ta ce, "Bai ƙare ba a nan." Ta soke allura a mayafi, ta sa aka cicciɓe ta aka sa a bayan lori, ita da ta yi shekaru ba ta wuce tur'a ba. A hanya ɗinki bai yiwu ba, motar na ta wurgi da mu.

Mun iske layi a ƙofar makaranta, shugabar na duba kayan kowace yarinya, har ta mayar da biyu gefe. Siket na jikina, ba wurin tuɓewa. A wurinmu kuwa ba a ɗinka tufa a jikin mai rai, gawa ake yi wa haka. Kaka ta dube ni, ta dubi layin, ta tsinto tsinke a ƙasa don karya camfin ta ce, "Ciji wanga, kada ki yi magana sai na gama." Ta durƙusa cikin laka, tana bin layin da gwiwa, ina matsawa tana matsawa. Saura yara biyu a gabana ta cije zaren.

Shugabar ta ɗaga bakin siket, ta juya shi, ta ce in shige. Na shige da tsinken a bakina, aka tura mu ciki, ban samu ko waiwaye ba. Da na zo hutun farko idon Kaka ya rufe, ba ta ƙara riƙe allura ba.

Yanzu siket irin wannan a rataye ake sayensa, keke na gama shi kafin shayi ya huce. Ni ce kuma nake tsayawa a ƙofar makaranta ina duba kayan yara. Abokan aikina na cewa na cika sassauci, su yi ta faɗa. In na ɗaga bakin siket na ga ɗinkin hannu, ko ya karkace, sai in ce wa yarinyar ta koma ta yi wa wadda ta kawo ta sallama tukuna, zan riƙe mata wurinta a layi.