Rigar da Inna Ta Ɗinka wa Injin Fenti

A gidanmu na Gashua, duk abin da aka saya da tsada sai an ɗinka masa riga. Talabijin na da riga, rediyo na da riga, fanka ma tana da hula. Da Inna za ta samu dama, da rijiya ma ta sa zane. Ranar da Baba ya dawo daga Nguru da injin fesa fenti, kafin ya gama alwala Inna ta auna injin da igiya. Washegari ya fito cikin yadi mai kauri da leshi a baki, an rufe shi ruf, sai ƙofar waya da ta tiyo.

Aikin farko da Baba ya samu shi ne a-kori-kurar wani direba mai jigila zuwa Jakusko. Direban ya ce da asuba zai yi lodi. In ba a gama yau ba, zai kai ta wurin masu fentin Nguru, kuma duk tasha za ta ji dalili. Baba kuwa don motocin tashar nan ya ajiye buroshi ya sayi inji.

Aka tada janareto, injin ya yi gurnani, shuɗi ya fara kwanciya a jikin mota. Ana gama ƙofa ɗaya injin ya yi tsit.

Baba ya sa testa a soket, wuta na nan. Ya kwance filogi, ya bi waya taku-taku yana matsawa kamar mai neman ƙaya a ƙafa. Fis lafiyarsa ƙalau, amma ya canza shi don kada a ce bai yi komai ba. Ya kunna, injin ya tashi.

"Fis ne," ya ce wa direban.

A ƙofa ta biyu ya sake mutuwa. Sai ga Kawu, ƙanin Inna mai gyaran babur. Ya ɗage rigar kaɗan cikin ladabi, ya ce kabon ne, wato 'yan gawayin da ke cikin injin, suka cinye. Ya zaro su, ga su dogaye kamar yau aka haife su. Ya hura musu iska ya mayar, ya sauke rigar. Injin ya tashi.

Da ya mutu karo na uku, Kaka ta fito da carbi. Ta yi addu'a har direban ya yi gyangyaɗi, sannan ta tofa. Injin ya tashi, ya kuma fi daɗewa yana aiki. Kaka ta koma ɗaki ba ta kalli kowa ba.

A mutuwa ta huɗu na kai hannu zan gyara leshin da ya karkace. Don zafi, na rantse da na fasa ƙwai a wurin, da mun ci waina. Na yaye rigar gaba ɗaya. A bayan injin akwai ƙananan tagogi da 'yar fanka a ciki, duk yadi ya toshe su.

Kawu ya sosa ƙeya. Ya ce irin wannan in ya yi zafi kashe kansa yake yi, sai ya huce ya tashi. Ashe duk wanda ya fi ɓata lokaci shi ya fi iya gyara.

Sai ga Inna da kwanon fura.

"Wa ya tuɓe shi?"

"Hajiya, fenti ne zai ɓata leshin," in ji Baba.

"Ai na yi wannan tunanin, Malam."

Ta shiga ciki ta fito da riga ta biyu, ta leda. Kawu ya tuna yana da aiki a shago. Direban ya dubi rana, ya dubi Baba, ya fara laluben makulli a aljihu.

Baba ya yi gyaran murya.

"Hajiya, rigar ce ke shaƙe shi."

"Talabijin bai taɓa kawo ƙara ba," ta ce. Ta naɗe rigunanta biyu, ta ɗauke furar ma.

Injin ya yi aiki tsirara har aka gama kafin magariba, ko tari bai yi ba. Direban ya zagaya motar yana shafa gemu. Ya ce zai turo motar ƙaninsa, amma Baba ya sanar da shi ranar da Hajiya za ta tafi unguwa.