Kambun da Ya Wuce Tasi'u Ludayi

A Rijiyar Marke, wani ƙauye da ke gabas da Ɗanbatta, inda gona ke jingine da gona har babu wurin da akuya za ta kwanta da damina, aka haifi Tasi'u a gidan Malam Sama'ilu. Shi ne na biyu bayan yayarsa Barira, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu a ɗakin Inna Kaltume. Mahaifin nasa manomin gero da gyaɗa ne, yakan kuma biya wa yaran unguwa allo da sassafe kafin a fita gona.

Wanda ya ga Tasi'u a tsaye ba zai ce ɗan ƙwallo ba ne. Siriri ne, ƙafafunsa kamar karan dawa, gudu kuwa ko a firamare akwai biyar da ke wuce shi. Abin da Allah ya ba shi ido ne da ƙafar hagu. Kafin ƙwallo ta iso gare shi ya riga ya san wanda zai bai wa, wani lokaci ma wanda za a bai wa ɗin bai san ya buɗe ba sai ya gan ta a gabansa. Da ya shiga kwalejin horon malamai a shekarar 1970, 'yan ajinsa suka laƙaba masa suna Ludayi, wai shi ne ke zuba wa kowa rabonsa.

Kwalejin tasu ba ta taɓa wuce zagayen farko a gasar makarantu ba. 'Ya'yan manoma ne, rabinsu da ƙafa tsirara suka koyi wasa, ana ce musu 'yan gyaɗa idan sun shiga birni. Malam Iliyasu, malamin wasanninsu, shi ya ɗauke Tasi'u daga gefen fili ya ajiye shi a tsakiya, ya ce wa sauran:

"Duk wanda ya samu ƙwallo ya rasa yadda zai yi da ita, ya bai wa wannan. Sauran aikin ku yi ta gudu."

A shekara ta biyu suka kai zagaye na uku. A ta uku aka ɗaura wa Tasi'u ƙyallen kyaftin. A gabansa kuma akwai Basiru, wani ƙaƙƙarfan saurayi daga Shanono, mai ƙirji kamar ƙofar rumbu, wanda idan aka ajiye masa ƙwallo a ƙafa ba ya tambayar sunan gola.

Sai daminar 1973 ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. An yi shuka sau uku a Rijiyar Marke, sau uku rana tana ƙone ta. Geron da ya kai ga fitar da kai ya tsaya a tsaye babu ƙwaya. Da Tasi'u ya je hutu ya tarar an sayar da awakin gidan, saura ɗaya wadda ba mai saye. Inna Kaltume da Barira suna fita tun da safe neman tafasa da ganyen da a da ko dabba sai ta ga dama. Ya ga dattijai masu mutunci suna tona gidan tururuwa suna sheƙe hatsin da suka samu. Uban ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, tari kuma ya kama shi, amma ko sau ɗaya bai yarda a yi zancen Tasi'u ya bar makaranta ba.

"Koma," ya ce masa. "Bakinka ɗaya da gwamnati ke ciyarwa, sadaka ce ta yi wa gidan nan."

Ya koma, amma tuwon makaranta ya daina yi masa daɗi. Yakan ci rabi ya tashi. Sukarin da ake raba musu na shayi da ɗan garin kwaki ya riƙa tarawa a gwangwani a ƙasan akwatinsa.

A bazarar da ta biyo baya ne kwalejin ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Wasa bakwai suka buga, ba wanda ya ci su, har suka kai wasan ƙarshe da za a yi a Kano ranar wata Asabar. An kuma sanar cewa bana za a ba da lambar Gwarzon Gasa, wanda ya samu za a tura shi kwas na koyar da wasanni, da alawus tun yana karatu. Duk kwalejin babu mai shakkar wanda zai ɗauka. Shi kansa Tasi'u, ko da yake bai faɗa wa kowa ba, ya riga ya sa ransa.

Ranar Laraba da hantsi aka kira shi bakin ƙofar makaranta. Mati ne, direban da ke jigilar mutanen yankinsu zuwa birni, ya tsayar da motarsa bai ma kashe ta ba.

"Barira ce ta aiko ni. Ta ce Baba yana kwance, yana kiran sunanka."

"Yana magana?"

"Yana yi."

"Yana cin abinci?"

Mati ya kawar da kai. "Ai sai da shi ake ci, Tasi'u."

Tasi'u ya tsaya riƙe da ƙarfen ƙofar har ya fara ƙona masa hannu. Daga nan ya nufi gidan Malam Iliyasu ya gaya masa.

"Ba zan ce ka tsaya ba," in ji malamin, "ba kuma zan ce ka tafi ba. Mahaifinka ne."

Har ya tsufa Malam Iliyasu yana cewa wannan ita ce magana mafi muni da ta taɓa fita daga bakinsa, domin yaro ya zo ne a ce masa tafi.

Tasi'u ya lallashi zuciyarsa. Tarin ba yau ya fara ba. Kwana huɗu ne kawai. Idan ya samu lambar nan, gidansu ya fita daga yunwa, abin da zamansa a gefen tabarma ba zai yi ba. Ya ɗauko gwangwanin sukari da ƙullin garin ya miƙa wa Mati.

"Ka ce wa Baba ya yafe mini, ina nan tafe ranar Lahadi da safe."

Waɗanda suka ga wasan Asabar ɗin nan sun ce ba su sake ganin irinsa a gasar makarantu ba. Abokan karawar 'yan wata kwaleji ce ta cikin birni, dukkansu da sababbin takalma, kuma su suka fara ci. An sa mutum biyu su tsare Tasi'u, suna taka shi, suna jan rigarsa. Bai ɗaga murya ba. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci ya karɓi ƙwallo yana bai wa raga baya, ya juya ta da hagu ba tare da ya duba ba, ta ratsa tsakanin mutum uku ta tsaya a gaban Basiru. Ɗaya da ɗaya. Saura minti goma ya sake ɗaga wata tun daga tsakiyar fili, ta sauka a kan Basiru kamar an auna da igiya. Biyu da ɗaya. Daf da tashi ya sake ba shi ta uku, shi da gola kawai, Basiru ya yi jinkiri aka ƙwace. Alƙalin wasa ya busa, 'yan gyaɗa suka ɗauki kofi.

Kwamitin gasar ya zauna nan take a ƙarƙashin rumfa don fitar da gwarzo, aka bai wa malaman wasanni dama su yi magana. Malam Iliyasu ya miƙe.

"Ranku ya daɗe, Basiru ɗalibina ne, ina alfahari da shi. Ƙwallo goma sha huɗu ya ci a gasar nan. Amma goma sha ɗaya daga ƙafar Tasi'u suka fito, ni na gani da idona. Kafin yaron nan ya zo, wa ya san sunan makarantarmu? Ku cire Basiru, za mu samu wani ya ci mana ko da rabi. Ku cire Tasi'u, wallahi ko filin nan ba za mu gani ba. Ku tambayi waɗanda aka sa su tsare shi yau."

Shugaban kwamitin, wani dattijo mai tabarau, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ɗaga takardar da ke gabansa.

"Malam, ban ƙi ta taka ba. Amma nan sunan wanda ya ci ake rubutawa. Naka ɗin sau biyu kacal ya fito. Idan aka tambaye mu hujja, me za mu nuna?"

Aka kira sunan Basiru. Ya fito yana waige-waige kamar wanda aka kira bisa kuskure. Tasi'u ya tafa masa tare da kowa.

Washegari da safe ya hau motar Ɗanbatta, ya ƙarasa sauran tafiyar da ƙafa. Tun daga bakin rijiya ya hango tabarmi a ƙofar gidansu, da mutane zazzaune. Wani maƙwabci ya taso ya kama hannunsa. Malam Sama'ilu ya cika ranar Asabar tsakanin azahar da la'asar, an kai shi makwancinsa kafin faɗuwar rana.

Inna Kaltume ba ta ce masa komai ba sai "Sannu da hanya, sai haƙuri." Barira ce ta same shi a bayan rumbu.

"Yaya, ya bar mini wata magana?"

"Ya tambaye ka ranar Alhamis," ta ce. "Ya tambaye ka ranar Juma'a. Ranar Asabar bai tambaya ba." Ta share ido da gefen zaninta. "Sukarin da ka aiko an dama masa kunu da shi. Ya sha cokali biyu, ya ce Allah ya yi maka albarka."

Tasi'u bai koma kwaleji ba, ko da yake shekara ɗaya ta rage masa. Sau biyu Malam Iliyasu yana zuwa a kan babur, har da alkawarin shugaban makaranta zai riƙe masa gurbinsa. Tasi'u ya ce wa zai bar wa Inna da gonar? Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce, kuma dukkansu sun sani. Ya ɗauki fartanyar ubansa. Daminar da ta biyo baya aka ɗan samu gero. Ta bayanta kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, aka tona ba a samu ko iri ba. Ya yi rani huɗu yana zuwa Kano ɗaukar bulo. Ya auri Asiya, 'yar maƙwabcinsu. Idan samarin gari suna wasa a filin makaranta, yakan bi ta wata hanyar.

A kwalejin kuwa sunansa bai mutu ba. Shekaru bayan tafiyarsa, yaran da ba su taɓa ganinsa ba, idan wani ya ba da ƙwallo mai kyau sai su ce ya yi ta Ludayi. Tsofaffin ɗalibai duk inda suka haɗu sai an tayar da gardamar wanda ya cancanci lambar. Malam Iliyasu ya rubuta wa kwamitin wasiƙa har uku yana roƙon a riƙa rubuta sunan wanda ya ba da ƙwallo, ba a amsa ko ɗaya ba.

A shekarar 1985, bayan wani farin ya sake share yankin, Basiru ya zo Rijiyar Marke. Ya zama babban malamin wasanni, ya yi ƙiba. Ya tarar da Tasi'u a gona yana kai taki da jaki, furfura ta fara fito masa yana da shekara talatin da ɗaya. Suka zauna a inuwar gawo. Bayan gaisuwa Basiru ya zaro lambar daga aljihu, a naɗe cikin hankici.

"Shekara goma sha ɗaya tana akwatina, ban taɓa rataya ta ba. Taka ce, kowa ya sani."

Tasi'u ya dube ta, bai taɓa ba.

"Mayar da ita, Basiru. Da sun ba ni ita ran nan, a wane bango na gidan nan zan rataya ta? Inna ta riƙa wucewa tana ganinta?"

Jakin yana ta kaɗa jela. Can sai Tasi'u ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Amma ta ukun nan, me ya sa ka tsaya? A ƙafar dama na ajiye maka ita, gola ya riga ya faɗi."

Basiru ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga idon abokinsa ya cika da hawaye, ya fasa. Ya ce bai sani ba, tsoro ne ya kama shi. Tasi'u ya gyaɗa kai, ya miƙe ya kama igiyar jakinsa, ya ce rana tana yi, akwai sauran kaya biyu. Basiru ya koma da lambarsa.

Ba su sake haɗuwa ba. Tasi'u ya rasu a bazarar 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a ƙasar Kano, bayan jinyar kwana uku. Ya bar Asiya da 'ya'ya biyar, da Inna Kaltume wadda ta yi shekara biyu a bayansa. Labarin bai kai ga abokan karatunsa ba sai bayan an yi sadakar arba'in.